Ɗaki na Uku, Gidan Mama Zigwai

Na sauka Kafanchan ranar Talata da la'asar,
da akwati ɗaya, da katifa naɗe da igiyar roba,
da takardar canjin wurin aiki
wadda na ninke har ta fara yagewa a tsaka.
Wani ɗan acaba ya ce, "Kai ne sabon na asibiti?"
Ban faɗa wa kowa ba.
Labarina ya riga ni shiga gari.

Mama Zigwai ta miƙo makulli da sharaɗi uku:
ban da zubar da ruwan wanki a gindin gwandarta,
ƙarfe goma ake rufe ƙofa,
rijiya kuwa, kowa da gugansa.
Ni ba ni da guga.
Kwana huɗu ina aron na Didam,
ina mayarwa da godiyar da ta fi ruwan da na ja.

A Malumfashi hadari kan yi sallama,
a gan shi daga gabas, a kwashe shanya.
Nan ruwa ta bayan dutsen Kagoro yake faɗowa
kamar mai bin bashi.
Rigunana biyu sun yi fumfuna a jikin ƙusa,
takalmina ya koyi jar ƙasa, ya ƙi mantawa.

Hausa ɗaya muke yi, amma in na ce "hwa"
sai yaran gidan su tuntsire,
su raka ni da ita har bakin titi.

A kasuwa akwai kuɗin baƙo, akwai na ɗan gida.
Mai doya ta dube ni, ta dubi hulata,
ta ce dubu uku.
Ta bayana ta biya dubu biyu, har da gyara.
Na haɗiye. Da ɗan gari kan ci gari,
ni ko lungunan ban gama ƙirgawa ba.

Da yamma nakan bi tsohon layin dogo,
inda ciyawa ta haɗiye ƙarfe,
awaki na kiwo tsakanin taragu.
Can na san Baba Okorie mai gyaran agogo.
Na ce masa, baƙo raɓa ne.
Bai ɗago daga agogon ba ya ce,
"Ubana ma jirgi ne ya ajiye shi a nan,
ya zo wata shida, ga kabarinsa can.
Wata raɓar ƙasa ke shanye ta."

Inna kan kira bayan isha'i:
"Yaushe za su maido ka?"
In ce, an kusa.
Ba wanda ya ce mini an kusa.

Lahadi gidan kan zama nawa ni kaɗai,
ni da kaji, da ƙararrawar coci daga nesa,
da ƙamshin citta da aka baza a tsakar gida.
Wata Lahadi, tana ɗaura kallabi,
Mama ta ce ba tare da ta waiwayo ba,
"Malam, in hadari ya taso, ka kwashe mini."
Ya taso kuwa.
Na kwashe buhu uku ina haki,
ido na yaji, hanci na zuba.
Ban taɓa jin daɗin wahala irin na ranar ba.

Da zazzaɓi ya kayar da ni a wata na uku,
faten acca ya zo ƙofata da zafinsa,
yakuwa ta ji, gyaɗa ta ji.
Ta ce, "Ci. Ba abin da ba ka ci a ciki."
Didam ya ɗebo mini ruwa,
da gugana wannan karon.

Jiya na koma wurin mai doya.
Ta dube ni, ba ta dubi hular ba,
ta tambayi jiki, ta ce dubu biyu da ɗari biyar.
Na biya ina murmushi.
Saura ɗari biyar in zama ɗan gari.